Wasan da Ba a Taɓa Yi Ba: Yadda Muke Koyar da Wasan Kwaikwayo a Kan Allo

Saura makonni kaɗan a shiga jarrabawar fita sakandare. A wani aji na makarantar gwamnati, irin wanda za ka iske a Kano ko Gusau ko Azare, ɗalibai sun haura saba'in, wasu huɗu-huɗu a benci, wasu a kan taga. Malamin Hausa ya ɗauki alli ya raba allo gida huɗu: jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Ƙarƙashin kowane gida ya jera bayani, yara suna ta kwafa. Littafin wasan da ake nazari bai wuce kwafi uku ko huɗu ba a ajin gaba ɗaya, ɗaya ma a hannun malam yake.

"Mene ne jigon wannan wasa?" in ji malam.

"Gyaran hali!" Aji ya amsa baki ɗaya.

Amsar daidai ce, kuma za ta ci maki. Amma da za a ce yarinya ɗaya ta taso ta nuna yadda matar da ke cikin wasan ta tarbi mijinta da ya kwana a waje, a ina ta tsaya, ta dube shi ko ta kau da kai, ta ɗaga murya ko ta yi ƙasa da ita don kada maƙwabta su ji, da ajin ya yi tsit. Ba a taɓa yi musu irin wannan tambaya ba. Da yawansu za su gama makaranta, wasu har su yi digiri a kan Hausa, ba su taɓa ganin an aikata ko fitowa ɗaya ta littafin a gaban jama'a ba.

Malaman adabi da masu shirya fim sun daɗe suna kokawa da wannan, kowa ta inda abin ya shafe shi. Muna koyar da wasan kwaikwayo tamkar ƙagaggen labari ne da aka jera sunayen masu magana a gefen shafi. Alhali rubutaccen wasa umarni ne na abin da za a yi, bai kuma cika ba sai an yi shi. Wanda ya tsaya a kan takarda kaɗai, kamar wanda aka karanta wa sunayen kayan miya ne aka ce ya faɗi ɗanɗanon tuwo.

Abin da yaro ya zo da shi daga gida

Babban abin takaici shi ne, yaran nan ba baƙin wasan kwaikwayo ba ne. Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa, unguwanni kan cika da 'yan tashe. Yaro ya manna auduga a haɓa, ya naɗa tsumma a ka, ya dogara sanda, ya ranƙwafa, ya zama tsoho. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, ɗaya ta sa rigar maza, suna kwaikwayon zaman aure. Jatau mai magani ya baje saiwoyi da ɓawon itace yana kirarin kowanne. A birnin Kano kuma ga tashen gwauro, inda Nalako da jama'arsa ke bin mazan da azumi ya riska ba mata.

Duk wani ginshiƙi da littattafan nazari ke lissafawa yana nan. Akwai ɗan wasa, wato yaron, akwai kuma tauraro, wato tsohon da ya zama, su biyun ba abu ɗaya ba ne. Akwai sutura da kwalliya, akwai kayan wasa irin su sanda da tasbaha. Tsakar gida ita ce dandali. 'Yan amshi suna bayan mai bayarwa. 'Yan kallo kuma suna nan, su yi dariya, su sa baki, su ba da hatsi ko kuɗi. Masana kan taƙaita ma'anar wasan kwaikwayo da cewa wani ne ya zama wani a gaban wani, kowa kuma ya san kwaikwayo ake yi.

Ba tashe kaɗai ba. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa, har sarki ya ga kansa da halayen mutanensa ta bakin da ba ya jin tsoronsa a ranar. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da 'yan doka, su kafa hukuma ta 'yan kwanaki. 'Yan kama kan ɗauki muryar wa'azi da zaman almajirai su juya su zuwa zancen tuwo da fura.

Bori ne masana suka yi saɓani a kansa, saɓanin kuma yana da amfani ga mai koyo. Wasu na ganin a nan ne tushen wasan kwaikwayon Hausa yake, tunda kowane iska yana da suturarsa da kiɗansa da irin tafiyarsa. Wasu suka ce a'a, domin ɗan bori da mabiyansa ba su ɗauki abin a matsayin kwaikwayo ba, sun yi imani wani ne ya hau kansa. Ko ina mutum ya karkata, ya koyi abu guda: abin da ya raba wasa da tsafi shi ne yarjejeniyar da ke tsakanin mai yi da mai kallo, cewa wannan abu shirya shi aka yi don a gani a yi tunani.

Daga makaranta zuwa rediyo

Rubutaccen wasa ya zo ne tare da boko. Cikin shekarun 1930 Rupert East, Baturen nan na Hukumar Talifi a Zariya, ya fitar da *Six Hausa Plays* don amfanin makarantu. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi har zamansa malami a Bauci, ya shirya wasannin da suka taɓo zaluncin masu riƙe da iko. A 1949 aka buga *Wasan Marafa* na Abubakar Tunau. Sai Shu'aibu Maƙarfi da *Zamanin Nan Namu* a 1959 da *Jatau Na Kyallu* a 1960, waɗanda aka fara jin su a rediyo kafin su zama littafi. *Uwar Gulma* na Mohammed Sada, wanda ya bi rikicin auren Hayatu da Halima, ya fito a 1968. Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan ban dariya na Shekisfiya zuwa Hausa da sunan *Daren Sha Biyu*. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka juya labarin *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama wasan dandamali, aka buga a 1975. Umar Ɗanjuma Katsina ya biyo da *Kulɓa Na Ɓarna* a 1979.

Abin lura a wannan jeri shi ne, kusan babu ɗaya da aka rubuta don a yi shiru a karanta. Na makaranta ne, ko na rediyo, ko na dandamali. Mu ne muka zaunar da su.

Kalmomin aiki

Yawancin kalmomin da duniya ke nazarin wasa da su sun samo asali ne daga Aristotil, malamin falsafar nan na Girka, wanda ya yi bayani a kan wasannin da ya gani a birnin Atina sama da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce wasan ban tausayi yana da sassa shida: zubin al'amura, halayen taurari, tunanin da wasan ke ɗauke da shi, sarrafa harshe, kiɗa da waƙa, sai kuma abin da ido ke gani a dandali.

A dubi allon malaminmu. Huɗun farko suna nan: zubi, taurari, jigo, salo. Biyun ƙarshe, wato abin da kunne ke ji da abin da ido ke gani, sun faɗi a hanya. Su ne kuwa suka bambanta wasa da littafin labari. Ma'aunin gida huɗu ɗin nan yana da kyau, da shi muke feɗe zube, da kusan irinsa muke feɗe waƙa. Laifin shi ne ɗora shi a kan wasa ba tare da an ƙara masa komai ba.

Ko a cikin huɗun ma mun sauya musu matsayi. Mu jigo muke sa wa a gaba. Aristotil kuwa zubi ya fifita, domin a ganinsa wasa kwaikwayon aiki ne, mutum kuma ta aikinsa ake sanin halinsa. Ina ganin a nan ya fi mu gaskiya. In aka fara da jigo, kusan duk wasannin Hausa za su zama abu ɗaya: gargaɗi, wayar da kai, gyaran hali. In aka fara da zubi, sai kowane wasa ya fito da fuskarsa.

Zubi ba taƙaita labari ba ne. Labari shi ne abin da ya faru daga farko zuwa ƙarshe. Zubi shi ne zaɓin da marubuci ya yi: daga ina zai fara, me zai nuna a gaban jama'a, me zai bari a ba da labarinsa kawai, me zai ɓoye sai can gaba. Yana da matakai da aka saba gani. Akwai shimfiɗa, inda ake sanar da mu su wane ne, a ina, me ake ciki. Sai abin da ya ta da ƙura. Sai rikici ya yi ta tsananta, kowace fitowa tana haifar da ta gaba, har a kai ƙololuwa, wurin da ba sauran komawa baya. Daga nan sai warwara. Wani Bajamushe, Gustav Freytag, ya zana wannan tafiya da siffar dala a 1863, zanen da har yau ake kwafa a littattafan koyarwa.

Rikici shi ne injin duka. Tauraro yana son wani abu, wani abu kuma ya tare masa hanya: kishiya, ko uba, ko talauci, ko al'ada, ko zuciyarsa. In babu wannan, sai dai hira.

Shi kansa littafin yana da nasa gini. Ana raba wasa kashi-kashi, kowane kashi kuma fitowa-fitowa, ana sauya fitowa idan wuri ko lokaci ya sauya. Rubutu iri biyu ne a kowane shafi: maganar taurari, da umarnin marubuci, ƙananan bayanan nan da ake sa wa cikin baka, masu cewa wance ta shigo, wane ya zauna, an yi sallama daga waje. Ɗalibai kan tsallake su don a ganinsu ba sa cikin labari. A cikinsu kuwa rabin wasan yake.

A gwada da Malam Jatau

A ɗauki *Jatau Na Kyallu*, tunda dubban ɗalibai sun bi ta kansa. Labarin sananne ne: attajiri mai rufin asiri ya kamu da son karuwa, aka ba shi shawara ya ƙi ji, ya aure ta, gidansa ya watse, dukiya ta ƙare. Ɗalibi zai rubuta cewa jigon shi ne illar auren karuwa, Jatau ne babban tauraro, Kyallu muguwa ce. Ya gama.

Mai nazari na gaske daga nan yake farawa. Me Jatau yake so? In aka ce Kyallu, an faɗi rabi. Me ya rasa a gidansa, ko me yake son abokansa su gani a tare da shi, har ya toshe kunne? Ita Kyallu me take nema: kuɗi, ko matsayin matar aure, ko tsaro daga ranar da ƙuruciya za ta ƙare? Yarinyar da za ta fito a matsayin Kyallu dole ta zaɓi amsa, domin ba a kwaikwayon "mugunta". Abin da ake kwaikwayo shi ne mace mai neman wani abu ta hanyar lallashi, ko shagwaɓa, ko barazana. Wannan shi ne darasin da Stanislavski, daraktan nan na Rasha, ya gina koyarwarsa a kai: a kowace fitowa ɗan wasa ya san abin da tauraronsa ke nema daga wanda ke gabansa.

Tambaya ta gaba: a wace fitowa ce Jatau ya wuce inda zai iya dawowa? Ranar ɗaurin aure ce, ko ranar da ya fara fifita maganar amarya a kan ta iyalinsa na da? Aji zai iya rabuwa biyu a kan wannan, kowane ɓangare ya kawo hujja daga littafin. Wannan gardamar ita ce nazari.

Sannan wane irin wasa ne? Aristotil ya siffanta tauraron wasan ban tausayi da cewa mutum ne mai daraja, ba waliyyi ba kuma ba shaiɗani ba, wanda kuskurensa ya jawo masa faɗuwa. Al'amari ya juye masa, sannan ya gane gaskiya bayan lokaci ya ƙure, mai kallo kuma ya fita zuciyarsa ta wanku da tausayi da tsoro. Jatau ya cika wasu daga cikin sharuɗɗan nan. Amma shin Maƙarfi yana son mu tausaya masa, ko mu ce shi ya ja wa kansa? Amsar tana sauyawa gwargwadon yadda aka yi wasan. Darakta ɗaya zai iya sa jama'a su yi ta dariya, wani ya sa su yi jugum, ba tare da an sauya kalma ɗaya ba.

Akwai kuma mai shela, wanda Maƙarfi ke sakowa ya yi wa jama'a sharhi a kan abin da ke gudana. Ɗalibi kan lissafa shi cikin ƙananan taurari ya wuce. Amma me ya kawo shi? Wasan rediyo ne asali, mai sauraro ba ya ganin an sauya wuri, yana buƙatar mai riƙe masa zare. Bayan haka yana yin aikin da 'yan amshi ke yi a wasannin Girka na dā, wato muryar gari. Yana kuma katse mai kallo daga nutsewa cikin labari ya tura shi ga yin hukunci, dabarar da Bertolt Brecht na Jamus ya shahara da ita a ƙarni na 20. Maƙarfi bai buƙaci zuwa Jamus ba, sanƙira da maroƙi suna ƙofar gida.

Maganar da ke ƙarƙashin magana

Wani fanni da ya kamata mu fi kowa iyawa shi ne bambancin abin da tauraro ya faɗa da abin da yake nufi. Rayuwar Bahaushe cike take da shi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba don ba ta son sa ba. Kishiya ta ce wa 'yar'uwarta "sannu da hutawa", kowa a gidan ya san ba gaisuwa ba ce. Suruki ya ce "ba komai" alhali akwai komai. Habaici da gatse da kawaici da alkunya duk hanyoyi ne na faɗar abu ba tare da an faɗe shi ba. A takarda "ba komai" kalma biyu ce. A dandali tana iya zama yafiya, ko barazana, ko kuka da aka haɗiye. Shiru ma magana ce, kuma tsawonsa yana da ma'ana.

Kusa da wannan akwai dabarar sanar da mai kallo abin da tauraro bai sani ba. Fitaccen misali shi ne wasan Sofokilis, marubucin nan na Girka, kan sarkin da ya rantse sai ya gano wanda ya kashe sarkin da ya gada, alhali shi ne da kansa. Ola Rotimi ya dasa wannan labari a ƙasar Yarabawa cikin *The Gods Are Not to Blame*, wanda aka fara nunawa a Ife a 1968. Duk lokacin da sarkin ya la'anci mai laifi, jikin mai kallo sai ya yi sanyi, don ya san a kan wa la'anar za ta sauka. Haka kuma akwai zancen zuci a bayyane, inda tauraro shi kaɗai a dandali yake faɗin abin da ke ransa, da kuma raɗa ga 'yan kallo, inda zai juyo ya gaya mana abu a gaban abokin maganarsa, a ɗauka wancan bai ji ba.

Ra'ayi riga

Me ya hana a koyar da duk wannan? Malaman sakandare suna da hujjarsu, kuma mai ƙarfi ce. Darasi minti arba'in ne, aji ya cika maƙil, manhaja ta haɗa nahawu da insha'i da al'ada da zube da waƙa, ga jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a gaba. Tambayoyin jarrabawa kuwa kan jigo da taurari da waye ya ce kaza suke. Malamin da ya ɓata mako biyu yana atisayen wasa, shugaban makaranta zai tambaye shi ina ya kai a manhaja. Shi kansa malamin, a mafi yawan lokaci, a kan allo aka koya masa.

Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na makarantu, waɗanda a da suke raya daren Asabar a makarantun kwana, sun yi rauni a wurare da yawa. Matsalar tsaro ta rage taron dare. Littattafan ma ba kullum ake samun su a kasuwa ba.

Iyaye da wasu malaman addini suna da tasu damuwar: cakuɗuwar maza da mata, shigar da ba ta dace ba, da tsoron kada yaro ya ɗauki hanyar da ake gani ta marasa aikin yi. Wannan ra'ayi yana da nauyi a ƙasar nan. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina ƙauyen fim a Kofa ta Jihar Kano bayan suka mai zafi daga malamai. Bai kamata a yi wa wannan damuwa dariya ba. Sai dai wasan aji ba ya buƙatar ko ɗaya daga abubuwan da ake tsoro. Makarantun Islamiyya da kansu suna shirya wasanni a ranar saukar karatu, 'yan mata su kaɗai ko samari su kaɗai, iyaye kuma su zo su kalla da farin ciki.

A jami'a kuma akwai rabuwa ta daban. Sashen Hausa yana da littattafan da harshen, sashen wasan kwaikwayo yana da dandamalin da fitilun, amma yawanci da Turanci yake aiki, kan wasannin Soyinka da Rotimi da Osofisan. Ɗalibin da ya san ma'anar habaicin Kyallu yana wani gini, wanda ya san yadda ake tsara tsayuwar 'yan wasa yana wani ginin.

Zariya da Damagaram

An taɓa haɗa biyun, kuma a ƙasar Hausa aka yi. A tsakiyar shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da wasan kwaikwayo ƙarƙashin jagorancin Michael Etherton. Maimakon babban zaure irin na Turai, sai aka gina gidan wasa na ƙasa, da hannun maginan gargajiya, mai ɗakuna kewaye da fili irin tsarin gidan Bahaushe. 'Yan kallo suna kewaye da 'yan wasa, ba labule, ba tazara. Siffar dandali kuwa tana sauya komai: wanda jama'a suka kewaye ba shi da bayan da zai juya musu, dole ya yi ta motsi.

Daga nan ɗalibai suka riƙa fita Samaru da ƙauyuka irin su Soba da Bomo. Su zauna da manoma su ji matsalarsu, taki ne ko filaye ko ruwan sha, su gina wasa da Hausa a kai, su nuna a dandalin gari, su tsaya a tsakiya su tambayi jama'a yadda za a yi. Malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah sun yi suna a wannan aiki, wanda ya yi kama da abin da Augusto Boal ya yi a Latin Amurka, na mayar da mai kallo mai shiga wasa.

A Nijar hanya ta bambanta. Bayan Seyni Kountché ya hau mulki a 1974 aka farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, aka kuma kafa bikin matasa na ƙasa inda jihohi ke gasar wasan kwaikwayo. Ƙungiyar Damagaram, wadda Yazi Dogo ya yi fice a cikinta, ba ta dogara da rubutaccen wasa ba. Sukan yarda a kan ƙashin labari da jerin fitowa, kowane ɗan wasa ya cike maganarsa. Janet Beik ta rubuta littafi a kan wannan a 1987. Mutanen da ba su riƙe takarda ba sun riƙe zubi, domin in babu shi wasan zai watse musu a gaban jama'a.

Inda ake girbe abin da aka shuka

Masana'antar fim ta Kano daga ƙungiyoyin wasan dandamali ta fito. Ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi *Turmin Danya* a 1990. Kafin nan talabijin ya ba mu Samanja na Usman Baba Pategi, wanda ya gina tauraro sukutum a kan Hausar bariki da tsayuwar soja, ga Kasimu Yero, ga Karkuzu. Waɗannan sun koyi sana'ar ne a gaban mutane masu rai, inda in abu bai yi ba nan take za ka gani a fuskoki.

Ƙorafin da masu kallo ke yi a yau kan finafinai da yawa, a harshen nazari, ƙorafin zubi ne: fitowar da za a cire ba a rasa komai ba, tauraron da ya tuba ba tare da an ga abin da ya sauya shi ba, rikicin da hatsarin mota ko gadon da ba a zata ba ya warware, mutum biyu a falo suna gaya wa juna abin da duk sun sani don mai kallo ya ji. Masu shirya fim kan ce kasuwa da ƙarancin kuɗi ne, da gaskiyarsu. Amma gyaran zubi ba ya cin kuɗin kyamara. Kuma yadda jama'a ke muhawara a kan shirye-shirye masu dogon zango irin su *Labarina* da *Daɗin Kowa*, suna cewa wance ba za ta yi haka ba, wannan bai dace da halinta ba, ya nuna masu kallo sun riga sun iya nazari, sunayen abubuwan kawai suka rasa.

Gyaran bai buƙaci gini ko fitila ba. A ture benci biyu, a ba ɗalibai huɗu shafi ɗaya, su yi shi sau biyu ta hanya biyu, sauran aji su faɗi wanne ya fi dacewa da littafin da dalilinsu. Minti ashirin ya isa. Sai dai malami ba zai ba da minti ashirin ga abin da ba shi da maki ba, don haka hukumomin jarrabawa suna da rawar takawa: tambaya ɗaya tak da za ta ce wa ɗalibi ya bayyana yadda zai tsara wata fitowa a dandali, wa zai tsaya a ina, da wace murya, za ta sauya yadda ake koyarwa cikin 'yan shekaru. Kwalejojin ilimi kuma, inda ake yaye yawancin malaman Hausa, suna iya sharɗanta wa kowane ɗalibi ya shirya fitowa ɗaya daga littafin manhaja, ya nuna ta gaban 'yan ajinsa, a ba shi maki a kai kafin a tura shi koyarwar gwaji.